Jinyar Kyauta a Wani Ƙauye na Kudancin Sakkwato

Sanarwar ta zo ne bayan sujadar Lahadi, tsakanin maganar baiko da ta taron Zumuntar Mata. Sakataren ikilisiya ya ce ana shirin kai aikin jinya kyauta ƙauye da zarar an gama girbi, ana neman likitoci da nas-nas da masu gwajin jini da masu haɗa magani, da duk wanda ke da ƙarfin ɗaukar kwali. Ni jami'ar lafiyar al'umma ce, a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi nake aiki a cikin garin Sakkwato. Iyayena mutanen ƙasar Zuru ne, amma nan aka yanke mini cibiya, da Sakkwatanci na tashi a unguwa da makaranta. A ranar na ba da sunana.

Abu na farko da aka nema daga gare mu shi ne lasisi. Likitar da ta jagoranci tawagar, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin gwamnati, ta ce kowa ya kawo kwafin takardar shaidarsa da lasisin da bai ƙare ba. Wasu sun ji haushi, suna ganin ai taimako suka zo yi, mene ne na bincike. Ta ce musu mutumin da ba ya biyan ko sisi shi ya fi cancanta a tantance hannun da zai taɓa shi, domin in an cuce shi ba shi da inda zai kai ƙara. Waɗanda ba su da takarda ba a sallame su ba. An ba su rajista da tsara layi da ɗebo ruwa da girki, kuma su ne suka riƙe aikin ta ƙasa har aka tashi.

Daga nan sai wasiƙu: zuwa ma'aikatar lafiya ta jiha, zuwa hukumar kula da lafiya a matakin farko, zuwa ƙaramar hukuma, zuwa 'yan sanda. Zaɓen wuri ma bai zo da sauƙi ba. Inda buƙata ta fi tsanani shi ne gabas, wajajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, amma 'yan bindiga sun sa ba wanda zai ɗauki mota cike da mata da magani ya nufi can ya kwana. Sai aka karkata kudu, ta hanyar Bodinga da Shagari da ke zuwa Tambuwal, aka sauka daga kwalta aka shiga ciki. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, saboda zan yi maganar cututtukan mutane, kuma a ƙaramin gari kowa ya san kowa.

Ina cikin waɗanda aka tura gaisuwa, don ina jin harshen wurin. Muka fara da uban ƙasa, ya haɗa mu da ɗan rakiya zuwa wurin hakimi. Muka tarar da shi a zaure, liman yana gefensa da wasu dattawa. Na tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, na gyara mayafi, na durƙusa daga baya. Bayan an gama gaisuwa da barka da kaka, dattijon da ya shugabance mu ya ce, "Ranka shi daɗe, izini munka zo nema."

Hakimi ya saurara har aka gama, sannan ya ce, "Mun ji, mun gode. Amma ku hwaɗa mani gaskiya. Maganin ga, mi ak kuɗɗinai?"

"Babu ko kwabo, ranka shi daɗe."

Sai liman ya gyara zama ya ce, "Ba na aljihu shi ka nuhi ba."

Kowa ya gane. Dattijonmu ya ce, "Malam, mu Kirista ne, ba mu ɓoye ba, kuma bangaskiyarmu ce ta taso mu. Amma wanda ya karɓi magani ba mu bin sa bashin komai, ko na sauraro. Addu'armu za mu yi ta mu kaɗai da safe kafin a buɗe ƙofa." Liman ya kawo nasa sharuɗɗan: mata su duba mata in dai da hali, a raba layi biyu, a dakata in an kira salla, kada a ɗauki hoton matar kowa. Muka amsa duka. Hakimi ya ce zai sa sanƙira ya yi shela ranar kasuwa, ya kuma ba mu makarantar firamare da samari 'yan sintiri.

Da muka koma gari aka yi muhawara mai zafi a kan wannan alkawarin. Wani matashi mai himmar bishara ya ce yaya za a tara mutane ɗaruruwa a wuri guda a ƙi yi musu wa'azi, ko a ƙi saka 'yar takarda a cikin ledar magani. Na san zuciyarsa, ba mugun nufi gare shi ba. Amma ban yarda da shi ba, har yanzu kuma ban yarda ba. Uwar da ta goyo ɗa mai zazzaɓi tun asuba ba ta da zaɓin tashi ta tafi in maganarka ba ta yi mata ba. Dole ta zauna, domin magani yana hannunka. Yin wa'azi ga wanda larura ta ɗaure cin amanar larurarsa ne. Ubangijinmu da ya aiki almajiransa su warkar da marasa lafiya cewa ya yi kyauta suka samu, su bayar kyauta. Ban da wannan, duk Kiristan da ke zaune a Sakkwato yana tune da kisan da aka yi wa wata ɗaliba Kirista bisa zargin ɓatanci a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a watan Mayun 2022, ya kuma san cewa kalma ɗaya da aka ji a karkace tana iya cinye amanar shekaru. Aka tsaya a kan abin da aka faɗa wa hakimi. Matashin ya bi mu duk da haka, shi ne ma ya riƙa ɗaukar tsofaffin da ba sa iya hawa matakalar aji.

Shirya magani ya ci mana maraice da yawa a ɗakin taro na coci. Kowane kwali sai an duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Wasu magungunan da aka kawo gudummawa mun ajiye su gefe, ko don sun kusa ƙarewa ko don babu mai buƙatarsu a ƙauye. Sauran muka ƙirga a ƙananan ledoji: farasitamol, maganin tsutsar ciki, amoksisilin, ƙwayar ƙarin jini ta masu ciki, sinadarin zinc da gishirin zawo, maganin zazzaɓin cizon sauro. A kan kowace leda muka zana rana tana fitowa, rana a tsaka, da jinjirin wata, aka bar wurin da za a ja sanda ɗaya ko biyu a ƙarƙashi. Yawancin matan da za su karɓa ba su karanta boko, wasu suna karanta ajami, zane kuwa kowa na karanta shi.

Mun isa da yamma, iskar hunturu ta fara kaɗawa, damman gero da dawa jingine a bakin rumbuna. Muka share azuzuwa, aka mayar da ɗaya ɗakin likitan maza, ɗaya na mata da yara, ɗaya na gwaji, ofishin hedimasta ya zama kantin magani saboda shi kaɗai ke da makulli. Zannuwa muka ɗaura a igiya suka zama labule. Kafin a idar da sallar asuba mun fara jin kukan jakai da ƙarar babura. Da gari ya waye filin makaranta ya cika, har da Fulani daga rugage da wasu iyalai da rikicin gabas ya koro suka zauna wurin dangi.

Tsarin shi ne a ba kowa kati mai lamba, a rubuta suna da shekaru da ƙauye, a auna nauyi da zafin jiki da jini, sannan likita, sannan gwaji in an buƙata, sannan magani. A takarda abin ya yi daidai. A fili kuwa, masu ƙarfi ne ke samun lambobin farko, domin su ke iya sammako da turereniya. Wanda ciwo ya kayar yana can ƙarshen layi, ko a gindin bishiyar dogonyaro a kwance. Don haka likita ta cire ni daga teburin awo ta ce aikina shi ne in riƙa zagaya layi ina duba fuskoki. Yaron da ke numfashi da sauri haƙarƙari na shiga ciki, wanda ido ya faɗa, wanda ya ƙi nono, mai ciki da ƙafa ta kumbura tana ciwon kai, duk in jawo su gaba ko lambarsu ta nawa ce. Na sha ƙorafi a kan haka. Sai na roƙi wata tsohuwar ungozoma da kowa ke jin nauyinta ta riƙa bi na, in na nuna yaro ita ce za ta ce, "Ku yi haƙuri, ku ba wanga hanya." Ba wanda ya ƙara musu.

Zazzaɓi shi ne kan gaba. Damina ta wuce, maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 ya ƙare, amma sauro bai ƙare ba a bakin fadama. A soke yatsa, a ɗiga jini a ɗan allon gwaji, a jira minti 15 zuwa 20. Layi 2 ya fito, akwai cutar. Layi 1, babu. Wanda aka samu da ita ana ba shi Coartem gwargwadon nauyinsa, daga ƙwaya 1 ga ƙaramin yaro zuwa 4 ga babba, safe da dare har kwana 3, kuma a sha bayan an ci wani abu mai maiƙo, ko nono ne. Wahalar tana wurin wanda gwajinsa ya nuna babu. Ya taho daga nesa, jikinsa na ciwo, a ce masa ba zazzaɓin sauro ba ne, sai ya ga kamar rowa aka yi masa. Haka masu neman allura da ƙarin ruwa. Wani magidanci ya ture ledar ƙwayoyi ya ce mini, "Malama, ni allura nika so, ita ka kashe ciwo." Na zauna na yi masa bayani cewa ƙwayar da allurar aiki ɗaya suke yi a jini, allura ta wanda ba ya iya haɗiya ce. Ya karɓa, ko da yake fuskarsa ba ta nuna ya gamsu ba. Samari biyu-uku sun zo da sunan ciwon baya suna ambatar tiramadol. Ba mu zo da shi ba, da gangan.

A zagayen layi na ga wata yarinya matashiya ta rufe kan goyonta da zani ruf, alhali rana ta fara zafi. Na ce, "Ƙanwata, mi ka damun yaron?" Ta ce zawo ne da ƙin abinci, tun da ya yi ƙyanda kafin a yanke gero. Da ta sauke shi, wari ne ya fara isa gare ni. Shekararsa kamar 3, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, kumatun hagu ya kumbura yana sheƙi. Na zagaya tef a damtsensa, ya tsaya a ja, ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani. Na sa safar hannu na ɗaga leɓensa da haske na waya. Dasashi ya ɓare yana zubar da jini, gefe guda ya yi toka-toka, a cikin kumatun kuma akwai wuri da ya fara duhu. Yaron bai ko yi kuka ba, kallona kawai yake yi.

Likita ta duba ta ce cutar noma ce, mai cin naman fuska, kuma tana kan gaɓar da in an yi sauri za a ceci rai da fuskar duka. Cuta ce ta yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi. Tana farawa daga dasashi, cikin kwanaki ta huda kumatu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 9 cikin 10 na waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. Nijeriya ce ta jagoranci neman a sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, aka kuma sa ta a watan Disambar 2023. Mu a Sakkwato muna da abin da yawancin wurare ba su da shi: Asibitin Yara na Noma da aka buɗe a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, kuma jinya a can kyauta ce. Nan take aka fara ba yaron amoksisilin da metronidazol, na nuna wa uwar yadda za ta wanke masa baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Amma maganarmu ɗaya ce: yau za a tafi da shi gari.

Nan aikin ya tsaya cak. Uwar ta ce, "Ba ni iya tahiya, mai gida ba shi nan." Ya tafi cin rani kudu tun da aka gama yankan gero. Kakar yaron, uwar mijin, ta ce ita ta san ciwon, iska ce, an riga an karɓo rubutu da turare. Ban yi mata gardama a kan rubutu ba. Na ce, "Inna, a ci gaba da roƙon Allah, mu ma shi muka roƙo. Amma ki dubi wurin ga da ya yi baƙi. In an kwana uku haka, rami za shi zama." Na kama hannunta na sa ta leƙa da kanta. Ta yi shiru. Aka nemo lambar mijin wurin wani ɗan'uwansa, aka hau tudun bayan makaranta inda ake samun sabis, aka yi ta kira har ya ɗauka. Tambayarsa ta farko kuɗi ce: nawa za a kashe, wa zai ciyar da su a gari, wa zai kula da sauran yaran. Tambayoyi ne na gaskiya, ba na rashin tausayi ba. Sai da hakimi ya aiko wakilinsa ya karɓi wayar ya ce shi ya tsaya, sannan mijin ya ce a tafi. Likita ta buɗe wata 'yar jaka da ta ware tun daga gida don kuɗin mota, ta ba su na zuwa da dawowa da na abinci, aka rubuta takardar turawa, direbanmu ya kai su bakin kwalta ya sa su a mota.

Wannan jakar, a ganina, ta fi rabin kwalayen da muka ɗauko amfani. A lokacin shiri wasu sun so a zuba kuɗin a sayo ƙarin maganin ƙarin kuzari don kowa ya koma gida da wani abu a hannu. Na fahimci dalilinsu, ba daɗi mutum ya taho ya koma hannu rabbana. Sai dai cututtukan da ke kisa ko nakasa ba a gama da su a ajin firamare. Abin da muke iyawa shi ne mu gane su, mu faɗi inda za a je, mu cire abin da zai hana zuwa. Takardar turawa da babu kuɗin mota a bayanta ƙarƙashin tabarma take ƙarewa. Da wannan jakar aka tura wata mata da ta jira har layi ya watse sannan ta matso, tana tsaye nesa da mutane saboda yoyon fitsari da ta samu a doguwar naƙuda, zuwa Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha inda ake yin aikin. Da ita aka tura masu yanar ido da masu gwaiwa.

Teburin da ya fi kowane farin jini shi ne na tabarau. Mun zo da na karatu, daga mai lamba 1 zuwa mai lamba 3. Mata suna gwadawa da zare da allura. Wani malamin allo ya ƙi takardar gwajin da aka miƙa masa, ya buɗe gafakarsa ya zaro warƙa ɗaya ta Alƙur'ani rubutun hannu. Nas ɗin da ke wurin ta san ba nata ba ne ta taɓa, sai ta riƙa miƙa masa tabarau ɗaya bayan ɗaya shi yana riƙe da takardarsa. Da aka zo kan mai lamba 2.5 sai ya daina motsi, leɓensa ya fara tafiya. Ya ce shekara da shekaru da ka yake karantarwa, wasulla sun ɓace masa. Ya yi mata addu'a doguwa, ta ce amin.

Hawan jini kuwa shi ne ya fi tsaya mini a rai, saboda a nan ne na ga iyakar irin wannan aiki. Daga 140 bisa 90 ake cewa jini ya hau. Wani dattijo manomin albasa da ya zo don ciwon gwiwa, na auna shi na ga 190 bisa 110. Na bar shi ya huta na sake aunawa a ɗaya hannun, bai sauka ba. Na ce, "Baba, jininka ya hau ƙwarai." Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, ni da nika ban ruwa tun asuba? Lahiyata lau." Haka ciwon yake, ba ya sallama sai ranar da ya shanye rabin jiki. Likita ta rubuta masa amlodifin na wata 1, iyakar abin da muke da shi ke nan ga kowa. Na yi masa bayanin rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa, na ce maganin ba a daina shi don an ji sauƙi. Ya ce to, in ya ƙare fa? Na ce ya je asibitin gundumarsu a sake auna shi, ya saya a kemis. Ya tambayi kuɗin, na faɗa, ya yi lissafi da yatsu bai ce komai ba. Irinsa sun yi yawa a rajistarmu, maza da mata, har da masu jego da ke shan kunun kanwa. Ba wa mutum maganin wata guda a kan ciwon da zai rayu da shi har mutuwa, in ba a haɗa shi da wani na kusa da zai ci gaba da dubansa ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shi ya sa muka jawo jami'in da ke kula da ƙaramin asibitin gundumar ya zauna tare da mu a teburin awo, ya ga mutanensa da idonsa, ya kwafi sunayensu a littafinsa.

Akwai wani saurayi da ya ce ƙyasfi ne ya ƙi jin magani a bayansa. Tabon ya yi fari-fari, ba ya ƙaiƙayi. Likitan maza ya sa shi ya rufe ido, ya shafa auduga a fata mai lafiya, ya ce ya ji. Ya shafa a kan tabon, shiru. A bayan aji aka gaya masa, ba a gaban kowa ba, cewa ana zaton kuturta ce kuma sai ya je asibitin Amanawa, inda ake jinyar kuturta, a tabbatar. Jikinsa ya yi sanyi, don a tunaninsa yatsu ne za su zube. Aka nuna masa cewa tana warkewa sarai da haɗin magunguna 3 da ake sha wata 6 ko 12, kyauta ake ba da su a duniya tun 1995, kuma wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Sunan Amanawa ba baƙo ba ne ga dattawan wurin. A zamanin Turawa galibi an hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi, kuma jinyar kutare ce ta buɗe musu ƙofa wajen ƙarshen shekarun 1930, lokacin da ƙungiyar mishan ta SIM, uwar cocin ECWA, ta karɓi kula da Amanawa a nan, da Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina, kafin daga baya gwamnati ta karɓe su. Wakilin hakimi ya ce mini ƙanen kakansa a can ya yi jinya. Ya ce abu biyu tsofaffi ke faɗa game da wurin: an wanke musu gyambon da danginsu ke gudu, kuma an matsa wa wasu da wa'azi. Duka biyun suna tune da su, shi ya sa liman ya yi tambayar da ya yi.

Da an kira azahar muke rufe ƙofa, mu ma mu sami abin sawa a baki. Matan gidan hakimi sun riƙa aiko mana da hura da nono da hoce, ba wanda ya roƙe su. Da dare, bayan an kashe janareta, mu zauna da fitila mu haɗa alƙaluman rana, mu ƙirga abin da ya rage a ofishin hedimasta, mu yi addu'a a hankali, mata su shiga aji ɗaya maza ɗaya, kowa cikin gidan sauronsa.

Ranar tashi ita ce mafi nauyi. Maganin zazzaɓi na yara ya ƙare tun kafin la'asar, ga mutane sun zo daga ƙauyukan da labari bai kai musu da wuri ba. Muka zagaya muka tsamo masu tsanani, sauran aka ba su haƙuri, wasu suka karɓa wasu suka juya ba sallama, kuma ban ga laifinsu ba. Allurai da tsinken gwaji da aka tara a kwalin kariya, da audugar da ta taɓa jini, aka ƙone su a rami mai zurfi aka binne, don yara na tsince-tsince a bayan makaranta. Aka wanke azuzuwa da ruwan bilic aka mayar da bencina. Ragowar magani aka ƙirga aka miƙa wa jami'in asibitin gunduma a gaban wakilin hakimi, kowa ya sa hannu, tare da na'urar awon jini ɗaya da batura. Kwafin rajista ya tafi sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Jerin waɗanda aka tura gari ni aka ba, da lambobin wayar 'yan'uwansu, kuma wannan aikin ya fi kwanakin ƙauyen tsawo. Yaron nan na same shi a asibitin Noma, kumburin ya sauka, yana shan madarar tamowa, kakarsa ce ma ke zaune da shi; an ce zai tashi da ɗan tabo a cikin baki, kumatun bai huje ba. Saurayin ya je Amanawa ya fara magani. Matar mai yoyon fitsari sai da na yi ta kiran yayanta kafin aka kawo ta. Daga cikin masu yanar ido wasu sun ce sai an cire albasa an sami kuɗin guzuri, wasu wayarsu ba ta shiga. A taron da muka yi bayan dawowa na roƙi kwamiti abu biyu: a ninka kuɗin mota ko da za a rage wasu kwalaye, kuma a koma wannan ƙauyen maimakon a nemi sabo, ko da sabon wuri ya fi daɗin faɗa a rahoto. Sun amince da na farko, na biyu ana kan magana.

Jami'in asibitin gunduma yana auna masu hawan jini duk ranar kasuwa, yana turo mini hoton shafin littafinsa ta WhatsApp. Dattijon nan mai albasa ya zo da farko, jininsa ya sauka zuwa 150 bisa 95, sannan sunansa ya daina fitowa. Na tura wa jami'in kuɗin ɗan kabu-kabu da na maganin wata guda, na roƙe shi ya aika a dubo shi a fadama kafin kasuwa mai zuwa.